Ƙwaya Mai Fuska Ashirin

A ɗakin Babayo, can bayan kasuwar Yelwa,
muka shimfiɗa ƙasa guda kan kwalin firji.
Hansatu ce ta zana ta da jan biro:
nan daji, nan kogi, nan kogon da ba a dawowa.
Murafen kwalba huɗu, su ne mu.

Musu ya riga wasan zama.
Babayo ya daki ƙirji: "Mai sulkena,
kariyarsa goma sha takwas.
Kibiya kan zo ta gaishe shi, ta koma gida."
Bulus ya ja tsaki: "Tukunyar ƙarfe mai ƙafa!
Ɗan taurina in ransa ya ɓaci
sara biyu yake a zagaye ɗaya,
ba ya tambayar sunan dodo sai an share jini."
Gidado bai ko ɗaga kai ba,
yana lissafi da guntun fensir kamar mai bin bashi:
"Taku sittin. Kafin ku ƙaraso
maharbina ya gama, yana gyaran tsarkiya."

Ni mai garkuwa aka bar wa,
don na makara wurin neman canjin ɗan acaɓa.
Ƙarfinsa tara. Sara ɗaya, shi ma sai an yi sa'a.
Kuɗin makamin da aka ba ni
igiya na saya da su, kamu arba'in.
Bulus ya yi dariya har ya ƙware da zoɓo.

Aka ƙulla: wanda nasa ya fara faɗuwa
shi zai sayi masa a Wunti gobe da safe.

Sai aka ɗauke wuta.
Hansatu ta kifa tocilar waya cikin kofi,
ta sassauta murya:
"Kwana uku ana ruwa. Gada ta tafi.
Kogin ya kawo har wuya.
Me za ku yi?"

Babayo ya ce zai ratsa. Ya jefa ƙwaya.
Ta gangara, ta yi tunani, ta ba shi huɗu.
Sulken da ya hana kibiya shiga
bai san yadda ake hana ruwa ba.
Gidado ya ɗana baka zai harba ƙugiya ƙetare,
Hansatu ta ce, "Tsarkiyarka ta jiƙe. Cire biyar."
Fensirin ya tsaya.
Bulus ya miƙe tsaye, ya ce fushi ya zo,
ya hura wa ƙwaya iska, ya kira sunan kakarsa,
ta faɗa ƙarƙashin katifa.
Mu huɗu a durƙushe muna leƙe.
Ɗaya.
Ɗan tauri ya sari kogi da dukan ƙarfinsa,
kogi ya karɓi gatarin bai ce komai ba.

Na kafa garkuwa a laka, na ɗaura igiya.
Hannuna na rawa, kan murfin kwalba fa!
Goma sha ɗaya.
Hansatu ta daɗe tana duban littafinta.
"Ya isa," in ji ta. "Da ƙyar."

Na jawo su ɗaya bayan ɗaya kamar guga,
mai sulke a ƙarshe, yana aman ruwa.

Kada ku zaci an ce na gode.
Babayo ya ce a kan tudu ba mai ja da shi.
Gidado ya ce a sake da rani a gani.
Bulus ya ce ƙwayar nan an yi mata asiri,
kuma katifar ma ba ta kwanta daidai ba.

"To wa zai sayi masar?" na tambaya.
Hansatu ta naɗe kwalin, ta sa ƙwaya a jaka.
"Dodon ko farkawa bai yi ba," ta ce.
"Asabar mai zuwa. Ku zo da kuɗinku, dukanku."

Na fito, ana yayyafi a titin Dass.
Murfin yana aljihuna, gefensa ya lanƙwashe.
Ban bar shi a ɗakin ba.